Bututun iska na faiba ya tsage: injina zai haɗiye ɓarɓashinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da motar da nake shiga tsere da ita. Na sa wani mai gyaran bamba ya yi mini bututun shigar iska na faiba, daga filta zuwa totur. Ba a jima ba ya fara tsatstsagewa, da na leƙa ciki sai na ga yana ɓarɓashewa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Injin yana cikin haɗari ne? Yaya ake yin wanda zai jure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sake tayar da motar da wannan bututun. Duk abin da ya ɓalle bayan filta babu mai tare shi, ta bawul zai wuce silinda, kuma zaren gilas ɗin da ke cikin faiba yana cin ƙarfe kamar yashi. Cire bututun, ka share bakin totur, ka sa a auna matsin kowace silinda.

Sabon kuwa, ka sassaƙa siffarsa da soso mai tauri, ka naɗe shi da tef mai sheƙi, ka shafa kakin saki, wato kakin da ke hana faiba mannewa da tef ɗin. In farin soson kwalin firji ne, tef ɗin dole ne, domin rezin na foliyesta, wato ruwan da ake jiƙa faiba da shi ya daskare, narkar da soson yake yi. Yi amfani da saƙaƙƙen ƙyallen faiba mai nauyin giram 200 a murabba'in mita, shimfiɗa 3 zuwa 4, nauyin rezin daidai da na ƙyallen. Bar hargitsattsen zaren nan na bamba, shan rezin yake yi, ya yi nauyi. Danna kowace shimfiɗa da kan buroshi har farin tabo ya ɓace, don farin nan iska ce ta maƙale. Bayan ya bushe, zuba asiton, wani ruwan sinadari mai narkarwa, ya cinye farin soson, ka zare tef, ka wanke cikin tas. Fila ta bodi kada ta taɓa cikin bututu ko kaɗan.

Amma abin da kusan kullum ke kashe irin wannan aiki shi ne hadana, wato sinadarin da ake ɗiga wa rezin don ya daskare, kuma a nan raina yake ɓaci. Masu aiki da yawa sun yi imani cewa yawan hadana shi ne ƙarfin faiba. Za ka ga mutum ya tsiyaya rezin a gwangwanin madara, ya matsa kwalbar hadana da ido, har ya ƙara "don ya kama da kyau". Wannan kuskure ne babba. Hadanan foliyesta, wato MEKP, tayar da haɗuwar sinadarin kawai yake yi, kuma ma'auninsa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne. Giram 200 na rezin, mililita 2 zuwa 4. Da sirinji ake aunawa. A zafin Maris da Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kashi 1 ya wadatar, a inuwa, da sassafe.

In aka zarce, rezin ya ɗauki zafi da kansa, ya daskare kafin ya ratsa zaren, ya tsuke, ya fito da ƙananan tsaga da ido ba ya gani. Hannu ya taɓa ya ji tauri, mai aiki ya ce ai ga shi. Jijjigar injin ce za ta tona asiri. Ragowar da aka bari a gwangwani kuwa har hayaƙi take yi, tana iya kama wuta. In ifoksi ne, wato wani nau'in rezin daban, abin ma ya fi muni: ma'auninsa yana jikin gwangwani, in ka ƙara hadana, abin da ya yi rara ya zauna ciki bai haɗu da komai ba, bututun ya fito da rauni. Sannan ɗigon MEKP a ido yana makantarwa, haɗa shi kai tsaye da sinadarin kobal mai gaggauta bushewa kuwa yana fashewa. Amma sai ka tarar da yara masu koyon aiki suna juya shi babu tabarau, babu safar hannu, maigida yana tsaye yana kallo. Ku ji tsoron Allah, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunku!

Wajen ɗaurawa, foliyesta na yau da kullum yana fara laushi tun daga wajen digiri 60 zuwa 80 na ma'aunin Salshiyas, saboda haka ka nisanta shi da manifol ɗin hayaƙi, ka sa faifan alminiyum a tsakani. In motar tana da turbo, faiba ya tsaya kafin turbo. Bayansa iska mai zafi ce da matsi, alminiyum ake sawa. Haɗa bututun da totur ta robar silikon da kilif, don injin yana motsi a kan kujerunsa. Gidan na'urar auna iska kuma ka bar shi da faɗinsa na asali, in ka canza shi kwamfutar motar za ta riƙa ba da mai ba daidai ba.