Amsa ga ƙanwarmu kan Mastodon: wa za ki kai wa ƙara a can?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ƙanwata, na saurari muryar da kika turo, na kuma ga abin da Malam ya rubuta a ƙarƙashinta. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi wasu sun sa ta gaba da zagi da ƙazafi a dandalin da take, ta kai ƙara har ta gaji, sai aka ba ta shawarar ta koma Mastodon, wai can babu kamfani, babu attajirin da ke juya mutane, don haka babu cin mutunci. Malam kuma ya ce ai inda babu shugaba nan tsiya ta fi yawa. To, abin ya fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ɗauki murya, ku yi haƙuri da tsawonta.

Malam, Allah ya gafarta maka, shugabanni suna nan, yawa ma suka yi. Mastodon manhaja ce da wani Bajamushe mai suna Eugen Rochko ya fitar a 2016, kuma kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya kafa sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da akawun ɗin mutane da rubuce-rubucensu, ya buɗe wa mutane rajista. Sabobin nan dubbai ne, suna gaisawa da juna ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub. Kamar imel dai, kina Gmail ina Yahoo amma saƙo yana isa. Kowace saba da admin ɗinta da dokokinta. Shi ke karɓa, shi ke kora, shi ke biyan kuɗin na'ura a ƙarshen wata. Ikonsa a kanki ya fi na kowane ma'aikacin kamfani, amma ikon nan a bakin ƙofarsa ya tsaya. Nan ne gizo ke saƙar.

Bari mu ɗauka kin yi rajista, wani daga wata saba daban ya fara zaginki. Za ki iya toshe shi, wannan a hannunki yake. Idan kika kai ƙara, wurin admin ɗinki take zuwa. Shi kuma iyakarsa ya hana mutumin bayyana a sabarku. Ba zai iya rufe masa akawun ba, don ba a wurinsa yake zaune ba. Akwai wani ɗan zaɓi na a tura kwafin ƙarar ga admin ɗin can. Madalla idan mutumin kirki ne. To idan abokin mai zagin ne fa? Ko kuma shi mai zagin ne da kansa, tunda kafa saba ba wani abu ba ne ga wanda ya san kan kwamfuta? Kin ga ƙararki ta faɗa hannun wanda kike ƙara. Ana ɓoye sunanki, gaskiya ne, amma sunan sabarki yana fita, kuma in ku 'yan kaɗan ne a cikinta ai ba sai an yi duba ba. Kuma in an kore shi yau, gobe ya buɗe sabon akawun a wata saba ya dawo. Babu wani ofishi guda da zai ce wannan fuskar mun san ta, kada ta sake shigowa.

Abin da ya fi damuna ma, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ba kowa ke ganin abu ɗaya ba. Ku saurari wannan da kyau. Kowace saba tana nuna abin da ya iso mata ne kawai. Idan tawa ta riga ta yanke hulɗa da sabar masu zagin, taki kuma ba ta yanke ba, zan buɗe rubutunki in ga amsa biyu-uku masu daɗi, ke kuma kina kallon tulin ashar. Sannan mai mugunta yana iya saita amsarsa ta yadda daga ke sai mabiyansa za su gani, wato ya zage ki a gaban 'yan korensa, sauran duniya ba ta da labari. Sai ki fito ki yi kuka, a ce miki, a'a, mu ba mu taɓa ganin haka a nan ba, wurin nan lafiya lau yake. Wallahi wannan ya fi zagin ciwo. Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoba na 2022, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Mastodon, baƙar fatan Amurka da dama sun koka da wannan abin, ana yi musu wariyar launin fata kuma ana ƙaryata su, har wasu suka tattara suka bar wurin.

Yawwa, akwai babban makami, ban ce babu ba. Admin yana iya yanke hulɗa da saba sukutum, ko ya rage mata murya ta yadda sai wanda ya bi mutanenta da kansa zai gan su. Kuma ya taɓa aiki sosai. A 2019 dandalin Gab, wanda ya yi ƙaurin suna wajen tara masu ƙiyayya da wariya, ya koma amfani da manhajar Mastodon. Ba wanda ya isa ya hana su, tunda manhajar ta kowa ce. Amma sabobi suka yi ta rufe musu ƙofa ɗaya bayan ɗaya, har wasu manhajojin waya suka ƙi buɗe su, suka zauna su kaɗai suna jin muryar junansu. Wannan na yaba. Sai dai makamin ba ya tantancewa. Saba mai mutum dubu, biyar ne 'yan iska, admin ɗinsu ya yi sakaci, a yanke su duka, ki wayi gari ƙawarki da ke can ta ɓace daga jerin mabiyanki ba ku san hawa ba ba ku san sauka ba. Wani lokacin ma ba laifin kowa ba ne, admin biyu ne suka yi cacar baki. Akwai alamar #FediBlock da ake sanar da miyagun sabobi da ita, tana da amfani ƙwarai, amma wasu kwafar jerin sunaye kawai suke yi ba bincike, kuma wanda aka saka bisa kuskure ba shi da kotun ɗaukaka ƙara.

Su wane ne ma admin ɗin? Galibi 'yan sa-kai ne, ba albashi, mutum yana da aikinsa da iyalinsa, da dare ya zauna yana karanta ƙazantar da mutane suka rubuta. Yana barci a lokacin da ke kike cikin wuta, don wataƙila yana wata nahiyar. Kuma in ba ya jin harshen da aka zage ki da shi, shi ke nan, domin habaici da gugar zana ba sa fitowa a fassarar na'ura, zai ga magana ce salin alin ya rufe ƙarar. Da yawa sun gaji sun rufe sabobinsu saboda rigimar mutane. A watan Fabrairu na 2024 an yi ambaliyar saƙonnin banza ta hanyar ƙananan sabobin da masu su suka bar rajista a buɗe suka yi tafiyarsu, har sai da aka gyara manhajar ta riƙa dakatar da rajistar kai-tsaye in an yi mako guda ba mai kula. Kafin nan, a 2023, masu bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka sun duba rubuce-rubucen Mastodon kusan 325,000 cikin kwana biyu, suka samu hotunan lalata da yara 112 waɗanda aka riga aka san su. Manyan kamfanoni suna da kayan gano irin wannan kai-tsaye, ɗan sa-kai mai ƙaramar saba yawanci ba shi da su. Allah ya tsare mana zuri'a.

Ƙanwata, ga abu biyu da suka shafe ki kai-tsaye. Saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake kamar na WhatsApp ba, admin ɗinki da na wanda kika tura wa suna iya karantawa in sun so. A 2023 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta kai samame gidan wani admin na sabar Kolektiva, ta tafi da kwamfutar da ke ɗauke da kwafin bayanan mutane a buɗe. Na biyu, in kin goge rubutu, sabarki roƙon sauran take yi su ma su goge. Masu mutunci za su goge, maras mutunci ya ajiye abinsa.

Wani zai ce ɗaya dandalin, Bluesky, fa? Can salon daban ne, kina iya bin jerin toshewa da wasu suka haɗa, ko ki zaɓi masu sa wa rubutu alamar gargaɗi. Amma kamfani ɗaya ne har yanzu ke riƙe da mafi yawan abin, kuma duk wanda kika toshe a fili yake, mai bincike zai iya gani.

Ni dai ban ce kada ki je ba. In kika dace da admin nagari, za ki samu abin da babban kamfani bai taɓa ba ki ba, mutum mai rai da zai karanta ƙararki ya amsa miki da kansa. Kuma babu na'urar da ke tura rubutunki gaban maƙiya don a samu hayaniya. Amma kafin ki yi rajista, buɗe shafin bayanin sabar. Ki karanta dokokinsu, ki ga ko masu kula sun wuce mutum ɗaya, ki duba jerin sabobin da suka yanke, don da yawa suna nunawa, in kika ga ba su taɓa toshe kowa ba ki kama gabanki. Ki duba ko sun shiga alƙawarin nan na Mastodon na 2019, wanda ya ce dole a yaƙi wariya da cin zarafi, a riƙa ajiye kwafin bayanai kullum, a samu mutum na biyu mai makullin sabar, a kuma ba da sanarwar wata uku kafin a rufe. Ki kulle akawun ɗinki da farko, sai wanda kika amince ya bi ki. In aka taɓa ki, ɗauki hoton allo kafin ki toshe, saboda waɗanda za su ce ba su gani ba. In wurin bai yi miki ba kina iya ƙaura zuwa wata saba, mabiyanki za su biyo ki, amma tsofaffin rubuce-rubucenki a can za su zauna, don haka kada ki zuba komai a makon farko.

Malam, in akwai inda ka ga gyara, bismillah. Wassalamu alaikum.