An sa mana rana, zai iya riƙe hannuna?

'Yar'uwa, kin ce an sa muku rana bayan Babbar Sallah, kina tambaya ko saurayinki zai iya riƙe hannunki ko ya rungume ki idan ya zo zance. A'a, bai halatta ba. Sa rana alkawari ne kawai, har yanzu shi ba muharraminki ba ne, kuma bai zama mijinki ba. Abin da shari'a ta ba shi shi ne ya ga fuskarki da tafukan hannunki, kamar yadda malaman Malikiyya suka bayyana, ku yi hirar mutunci a inda mutanen gida ke gilmawa. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 32, kada ku kusanci zina, Annabi (SAW) kuma ya gargaɗe mu cewa namiji ba zai keɓe da mace ba face Shaiɗan ne na ukunsu.

Na ga irin wannan da idona a unguwarmu, Tudun Wada. Wata yarinya har an kai lefenta, saura sati uku biki aka fasa. Wallahi mayar da akwatunan bai ci mata rai kamar sakin jikin da ta yi da shi ba, ta daɗe tana kuka a kansa. Idan kun ga haƙuri na neman gagarar ku, ku roƙi iyaye a ɗaura auren yanzu, da waliyyi da shaidu biyu da sadaki, biki da tarewa su biyo baya idan an shirya.