Tambaya da Amsa: Ina cfq ya shiga, kuma me ya sa 31 ta koma 32?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da wankin hoto a Zariya. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da nake tara ayyukan jama'a a cikinta, tun 2018 take kan Ubuntu 18.04. Watan jiya ƙanena ya ɗora mata 22.04. A da in na leƙa fayil ɗin /sys/block/sda/queue/scheduler ina ganin cfq, yanzu babu shi, sai mq-deadline da none. Na gwada mayar da shi, ta ƙi. Sannan a rubutun da take zubowa lokacin tashi, inda na saba ganin 31/32 a gaban NCQ, yanzu 32 ce kawai. Yaron nan ya ɓata wani abu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka sassauta wa yaro, Malam, bai taɓa komai ba. Abin da ka gani aikin masu gina kanel ɗin Linux ne, wato zuciyar manhajar da ke shiga tsakanin ayyukanka da ƙarafan injin. Tsohuwar Ubuntu ta zo da kanel 4.15, sabuwar da 5.15, kuma a tsakaninsu an rushe wani ɗaki an sake gina shi daga tushe.

Layi biyu ne a maganarka, wato inda buƙatun karatu da rubutu ke jiran faifai, kada ka haɗa su. Ɗaya yana cikin kanel, ɗaya yana cikin faifan ajiyar kansa.

Na faifan shi ne NCQ. Ka ɗauka kana da yaron aike, kana tura shi kasuwa ya sayo manja, sai ya dawo ka ce gishiri, ya dawo ka ce daddawa. Ƙafa ce za ta ƙare. In ka karanto masa saƙon duka lokaci guda, shi zai san rumfar da ta fi kusa ya fara da ita. Haka faifai mai juyawa yake. Wanda ke juyi 7,200 a minti yana zagaye 120 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma allurarsa sai ta yi tattaki kafin ta kai inda bayanin yake. NCQ ya ba shi dama ya karɓi umarni har 32, ya jera su yadda tafiyar za ta zo masa da sauƙi. Linux ta fara amfani da wannan a kanel 2.6.18, shekarar 2006. Sai dai ta riƙe lamba ɗaya a aljihu don umarnin cikin gida, irin wanda take aikawa in faifai ya rikice tana son jin abin da ya same shi. Ita ce 31/32 ɗin da ka saba gani. A 2018, a kanel 4.18, aka samar wa umarnin cikin gidan gurbi na dabam aka saki 32 ɗin duka. Ƙarin guda ɗaya ne, ba za ka ji shi a jikinka ba, amma ba hasara ba ce.

Maganar cfq, wato mai tsara layin da ke cikin kanel wanda ke raba wa ayyuka lokacin faifai daidai wa daida, ta fi nauyi. A tsohon tsari kowane faifai layi ɗaya yake da shi a cikin kanel, da makulli ɗaya. Duk wani ɓangaren furosesa da ke son ajiye buƙata sai ya jira makullin nan ya zo hannunsa. Muddin faifan mai juyawa ne, wanda bai wuce buƙatu ɗari da wani abu a daƙiƙa ba in a warwatse suke, babu wanda ya damu, ai akawu ɗaya ya ishi ofishin da ba ya cika. Da SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ta shigo tana cinye dubun dubatar buƙatu, NVMe kuma, nau'in SSD mai tsananin sauri, ta zo da nata layukan da za su iya kai wa sama da 65,000, sai ya zama faifai na zaune yana jira, furosesoshi na kokawa a bakin ƙofa a kan makulli.

Jens Axboe, mutumin Denmark da ke kula da wannan sashe na kanel, shi ya jagoranci sabon ginin da ake kira blk-mq. Ya shiga a kanel 3.13, farkon 2014. Kowane ɓangaren furosesa aka ba shi layinsa, daga nan a miƙa wa layukan da injin yake da su. Shekara biyar tsoho da sabo suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai a kanel 5.0, cikin Maris 2019, aka kwashe tsohon baki ɗaya. Shi cfq a jikin tsohon aka gina shi, don haka ya bi shi; mq-deadline da ka gani mai tsara layi ne na sabon ginin, none kuwa na nufin babu mai tsarawa. Abin da ke burge ni, Axboe ɗin ne ya rubuta cfq tun asali. Ba kowa ke iya sa gatari a bishiyar da ya shuka ba.

To me za ka yi? In faifanka mai juyawa ne kuma damuwarka kada injin ya sanƙare yayin da ake kwafar hotunan biki ga kwastoma tsaye a kanka, magajin cfq shi ne bfq, na Paolo Valente ɗan Italiya, wanda ya shiga a kanel 4.12 a 2017. Yana nan cikin Ubuntu, ba a dai tashe shi ba ne. Ka rubuta sudo modprobe bfq, sannan echo bfq | sudo tee /sys/block/sda/queue/scheduler. Da ka kashe kwamfutar zai koma yadda yake, sai an rubuta masa doka a udev, wato sashen da ke saita na'urori da zarar an gano su, kafin ya zauna, wannan kuwa ƙanen naka zai iya. In ka ci karo da tsohuwar shawarar nan ta ƙara elevator=cfq a wurin tashi, ka wuce ta, kanel ya daina sauraron ta. In kuma wata rana ka sayi NVMe ka ga none, bar shi haka. Ni a tawa ban taɓa shi ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Maraɗi. Kwamfutata takan tsaya cik na ɗan lokaci, sai in ga rubutu mai cewa READ FPDMA QUEUED. An ce in kashe NCQ. In kashe?

Amsa: Ki dakata tukuna, ƴar'uwa. Rubutun nan sunan umarnin karatu ne da ya bi ta layin NCQ bai dawo lafiya ba. Ya faɗi inda aka yi tuntuɓe, bai faɗi wanda ya sa ƙafa ba. Gaskiya ne akwai faifan da ke rikicewa da layi, musamman wasu SSD da ke kwaɓa umarnin share gurbi in ya zo a jere da sauran, kuma kanel na da jerin irinsu a cikinsa, yana kauce musu da kansa. Amma ni abin da na fi gani a teburina waya ce. Bara na ɓata yini biyu ina zargin kanel a kan wata kwamfutar tebur, ashe bakin jar wayar SATA mai haɗa faifai da injin ne ya saki, ƙurar hunturu ta cika ramin. Na hure, na sa sabuwa, shiru kake ji.

Kafin komai ki kwashe aikin makarantarki zuwa wani wuri yau ɗin nan. Sannan a duba waya da wutar da ke shiga faifan, a karanta lafiyarsa da manhajar smartctl. In duk waɗannan sun fita ƙalau, sai ki gwada libata.force=noncq a wurin tashi na kwana biyu ko uku, ki rubuto mini abin da kika gani tare da lambar faifan.