Tambayi Likita: Alkaki, Cincin, Kek da Sauran Girkin Gida

Assalamu alaikum. Tun bayan Sallah, tambayoyin da suka taru mini kusan duk daga kicin suka fito, kuma hakan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin yawancin abin da muke magani a asibiti a tukunya yake farawa. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Wata matar aure daga Zariya: Likita, maigidana yana da ciwon suga shekara uku ke nan, kuma yana son alkaki da nakiya kamar me. Na daina sa suga, da zuma da dabino nake yi masa. Tuwonsa kuma na alkama ne kullum. Amma duk sanda muka je asibiti sai a ce sugansa ya hau. Ina kuskuren yake?

Hajiya, da farko Allah ya saka miki da alheri, don ba kowace mace ce za ta raba tukunya saboda lafiyar miji ba. Sai dai an ba ki labari rabi. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, busasshen dabino kuwa wajen kashi biyu bisa uku. Suna da amfaninsu, ban musa ba, amma jinin maigida bai san bambancin zaƙin zuma da na suga ba, duk sugansa hawa zai yi. Ki duba yadda alkaki yake: alkama ce aka ɓarza, aka soya, aka tsoma a zuma har ta ratsa cikinsa. Nakiya kuma shinkafa ce aka daka aka haɗa da zaƙi. Ke nan tun kafin zaƙin ya shiga, shi kansa hatsin suga yake komawa a ciki.

Maganar tuwon alkama ita ta fi damuna, don ta zaga gari kamar wata fatawa. Sau da yawa majinyaci zai zauna gabana ya ce, "Likita, ni fa alkama kawai nake ci." In na tambaye shi malmala nawa, sai ya ɗaga yatsu uku. Alkamar da aka kai inji aka niƙa ta luƙui ba ta da wani nisa da tuwon masara wajen ɗaga suga. Yawan shi ne magana. Ki raba masa faranti haka: rabi ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama ko kabeji, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashi ɗayan tuwo, gwargwadon dunƙulen hannunsa. Ya fara da ganyen kafin ya kai ga tuwon.

Ban ce ya yi bankwana da alkaki ba. Mutumin da aka hana komai yakan ci a ɓoye, a gidan biki, inda ba mai ƙirga masa. Ranar suna ko Sallah ki ba shi ƙarami guda ɗaya bayan ya ci abinci, ba da yunwa ba, sannan ya ɗan taka na minti goma zuwa sha biyar. In kuna da abin gwajin suga a gida, ku gwada awa biyu bayan cin abincin. Abin da aka fi nema ga mafi yawan masu ciwon shi ne kada ya wuce 180, ko 10 a ɗaya ma'aunin. Na'urar za ta gaya muku gaskiyar kowane abinci fiye da maƙwabta. Maganinsa kuma kada ya ajiye shi don an gyara girki.

Wata mai jego daga Katsina: Ɗana watansa huɗu. Kakarsa ta wajen uba tana lasa masa zuma, ta ce tana gyara ciki, kuma tana so in fara ba shi kunun gyaɗa mai suga don ya yi ƙiba. Ina jin nauyin yi mata musu.

Ƙanwata, na san nauyin da kike ji, kuma na san Iya ƙauna ce ta sa ta. Amma wannan ba wurin kara ba ne. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara ɗaya, ko da lasa ce, ko da an dafa ta cikin wani abu. Zuma takan ɗauko ƙwayar cutar da ake kira Clostridium botulinum. Hanjin babba yana gamawa da ita ba tare da ya sani ba, na jariri kuwa bai ƙosa ba, sai ta tsiro a ciki ta saki dafin da ke kashe ƙarfin jijiyoyi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana iya kaiwa ga numfashi. Alamunsa su ne yaro ya daina bayan gida kwana da kwanaki, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya koma ƙasa-ƙasa, wuyansa ya langaɓe, fatar idonsa ta sauko. In kin ga haka, asibiti a ranar.

Har ya cika wata shida, nononki kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata. Bayan nan kunun gyaɗa abinci ne mai kyau ƙwarai, a dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali, a ci gaba da ba shi nono. Suga dai a bar shi sai bayan shekara biyu. In ana son ɗan zaƙi, ga ayaba nunanniya, ga gwanda, ga dankalin Hausa a dafa a murƙushe. Gyaɗa 'ya'ya da alewa mai tauri kuma ba na ƙaramin yaro ba ne sai ya kai shekara biyar, saboda shaƙewa.

Ita kuwa Iya, kada ki tare ta da kanki. Ki sa baban yaron ya yi mata magana, ko ki roƙe ta ta raka ki awo, ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Na sha ganin kaka ta shigo da ra'ayi ta fita tana wa wasu faɗa a kan zuma.

Wata mai sana'ar cincin da dubulan daga Kano: Mai ya yi tsada. Sau nawa zan iya maimaita suya da shi?

'Yar'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ya wuce sau biyu zuwa uku, kuma man da kansa zai gaya miki ya gaji: zai yi duhu, ya yi kauri da danƙo, ya riƙa kumfa, ya fara hayaƙi tun bai yi zafin kirki ba. A wannan matakin ya lalace, yana fitar da sinadaran da ke cutar da jijiyoyin jini, cincin ɗin ma zai fi shan mai ya yi saurin yin wari. Bayan kowace suya ki bari ya huce, ki tace ɓurɓushin, ki rufe shi a inda rana ba ta kai. Kada ki riƙa ƙara sabo a kan tsoho kullum, don tsohon ne ke lalata sabon. Ki rage wuta, yawan zafi ke kashe mai da wuri. Ƙaramin kasko mai zurfi, ana suya kaɗan-kaɗan, ya fi tattalin mai a kan babba. Sai roƙo ɗaya: in kin kwashe, kada ki tsane a takardar jarida. Mai zafi yana narkar da tawada, ita kuma ba abin ci ba ce. Matsami ko kwando mai tsabta ya wadatar.

Wani dattijo daga Maraɗi: Ina da hawan jini, kuma ɗan wake ne abincin da na fi so tun ina yaro. An ce in daina. Gaskiya ne?

Baba, ɗan wake bai yi maka laifi ba. Garin wake da kuka abinci ne na gari. Matsalar tana cikin 'yan rakiyarsa. Kanwa tana ɗauke da sodiyam, sinadarin nan na cikin gishiri da ke ɗaga jini. Sannan a barbaɗa gishiri, a murmusa dunƙule, wanda wajen rabinsa gishiri ne, a kawo yaji da aka riga aka daka da gishiri da dunƙule. Sau huɗu ke nan a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum na yini guda kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da bakar hodar da ake sa wa kek. A rage kanwar sosai, kuka za ta riƙe shi. A daka maka yajinka daban da citta da tafarnuwa da masoro, ba gishiri. A yanka albasa da tumatir da kabeji da yawa, a sa dafaffen ƙwai, man gyaɗa cokali ɗaya. Makon farko za ka ji salam, amma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Wata amarya daga Jos: Ba ni da obin, a tukunya nake gasa kek da yashi a ƙasa, kan gawayi. Da sanyi nakan shigo da murhun ɗaki in rufe ƙofa don iska kada ta ɓata wutar. Amma duk ranar da na yi gashi sai kaina ya yi ta sarawa, har da jiri.

Amarya, da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi. Don Allah daga yau kada ki ƙara shigar da gawayi ɗaki. Gashin tukunya da yashi dabara ce mai kyau, ba ita ke sa miki ciwon kai ba. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ko garwashin ya yi jajir babu hayaƙi, tana fita. Tana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau sama da 200, sai jini ya yi ta zagawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne gargaɗin farko. Na gaba barci ne, kuma ba kowa ke tashi daga shi ba.

Ba zan manta wani dare na hunturu ba, ina aikin kwana, aka shigo da wata mata da 'ya'yanta biyu. Ta gama gashi ne ta bar sauran garwashin a ɗaki don yara su ji ɗumi. Maƙwabciya ce ta zo karɓar kek ɗin da ta ba da a yi mata, ta yi ta sallama shiru, ta tura ƙofa. Har yanzu ina ganin ƙaramar yarinyar, da garin fulawa a goshinta, jikinta ya saki kamar tsumma. Allah ya yi da sauran kwanansu gaba, duka ukun sun farfaɗo bayan an sa musu iskar oksijin. Da maƙwabciyar ta ce bari sai da safe, da wani labarin ake yi.

Ki yi gashinki a tsakar gida ko a baranda, ki kare iskar da tsohon kwano ko bulo. In wani ya shaƙi iskar gawayin nan, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi waje, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Ba madara, ba manja. Haka hukuncin yake ga janareta a cikin gida ko a bakin taga. Tun da kek muke magana, kada ki bar yara su lashe kwanon kwaɓi. Ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa duk suna iya kawo gudawa da zazzaɓi.

Wata uwa daga Kaduna: Na yi dafa-duka da rana, aka ɗauke wuta, ta kwana a tukunya. Da safe na ɗumama ta sosai, amma yara uku suka yi ta amai. Ba zafi ke kashe cuta ba?

Yana kashe da yawa, Maman yara, amma shinkafa tana da nata hali. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsallake dahuwa. In shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta zuba dafi, shi kuma dafin ɗumame ba ya kashe shi. Shi ya sa aman ke zuwa da wuri, cikin awa ɗaya zuwa shida. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin Maris da Afrilu ma awa ɗaya. Ki juye ragowar a faffaɗan kwano ta huce da sauri, ta shiga firij. In an ɗauke wuta, firij yana riƙe sanyi wajen awa huɗu matuƙar ba a buɗe shi ba. Inda wuta ba tabbas, ki auna daidai cikin gida, abin da ya ragu a bayar tun da zafinsa. Alale da duk abin da aka sa wa ƙwai ko madara ma ba sa jure kwana. Yaran kuma a ba su ruwan gishiri da suga na fakiti, kurɓi-kurɓi. Wanda ya kasa riƙe ruwa, ko idonsa ya faɗa, ko fitsarinsa ya ɗauke, a kai shi asibiti.

Wani ɗalibi daga Sakkwato: Mahaifiyata takan sayi gyaɗa mai araha don kunu da ƙuli-ƙuli, wani lokaci akwai masu ɗaci a ciki. Akwai illa?

Akwai, ɗana. Gyaɗar da ta sha danshi takan yi fumfuna mai fitar da dafin aflatoksin, wanda suya da tafasa ba sa kawar da shi. Yana taruwa ya lalata hanta, kuma haɗarin kansar hanta ya fi yawa ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda ta yawaita a ƙasarmu. Ka taya Mama tsincewa a faifai kafin a kai niƙa: duk wadda ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, a zubar, kada a ba kaji ma. Sauran a shanya ta bushe ƙayau, a ajiye buhun a kan katako, nesa da bango. Kai kuma ka je a gwada jininka, in ba ka da cutar hantar a yi maka allurar rigakafinta, guda uku ce cikin wata shida.