Tsohon DT ɗina na cin fulogi, in ya ɗau zafi kuma ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohon babur Yamaha DT 125 da na gada wurin mahaifinmu. Ya yi kusan shekara 2 a jingine a soro kafin na tashe shi, yanzu da shi nake zuwa gona wajen Dawakin Tofa. Da safe sai na buga kik kusan ashirin kafin ya kama, farin hayaƙi ya turnuƙe layinmu. A wata guda na canza fulogi uku, duk wanda na cire baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Wani lokaci kuma in na yi tafiyar kamar minti 20 sai ya mutu, in ya huce ya tashi. Bakaniken unguwarmu ya ce a sauke inji a sa sabon fistin. In yarda? Daga wani mai karatu a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kar a sauke inji tukuna, kuma ka dakata da sayen fulogi. An bar jaki ana dukan taiki ne: fulogin yana nuna maka cewa mai ya yi wa injin yawa, aikinka shi ne gano wane mai ne, ta ina yake shiga. A inji irin na DT, fetur da man 2T (man da ke sa wa inji santsi, yana ƙonewa tare da fetur) sai sun bi ta ƙasan inji, inda kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, yake, kafin su hau kan fistin. Duk abin da ya taru a can ƙasa, a kan fulogi zai ƙare.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Yau da daddare ka rufe famfon mai na ƙarƙashin tanki, ka ga yadda zai tashi gobe. Idan allurar da ke tsayar da mai a kafireto ta cinye, fetur na kwana yana tsiyaya cikin inji, da safe ya shaƙe. In ya riga ya shaƙe, kashe makulli, rufe famfo, cire fulogi, murɗa totur har ƙarshe, ka buga kik goma zuwa sha biyar ya fesar da abin da ke ciki. Kar a yi wannan kusa da murhu ko mai shan sigari. Cok kuma na sanyin safiya ne kawai. Da ya kama ka mayar da shi.

Sai man 2T. DT yana da tankinsa daban da ɗan famfo da ke auna wa inji mai gwargwadon totur. Kuskuren da ya yi yawa a gari shi ne mutum ya zuba 2T a wannan tankin, ya je gidan mai ya ƙara wani a cikin fetur don “kariya”. Ninki biyu ke nan. Wasu ma baƙin man mota suke zubawa, shi kuwa ba a yi shi don ƙonewa ba, toka da dauɗa yake bari. Idan famfon na aiki, a bar fetur zalla, a duba cewa alamar da ke jikin famfon ta yi daidai da yadda aka saita wayarsa. Idan an riga an cire shi, a gauraya kimanin mililita 30 na 2T a kowace litar fetur, da abin awo, ba da ido ba. Masu Suzuki TS su kula: a irinsu famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiranshaf na gefe guda (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da kiranshaf ke juyawa a cikinsa), cire shi haka kawai kashe inji ne.

Inda na fi zargi a babur ɗinka shi ne sil ɗin kiranshaf. Robobi ne guda biyu, dama da hagu, kuma babur da ya shekara biyu a ajiye cikin zafin Kano robarsa kan bushe ta tsage. Na dama yana gefen kuloci, a bayansa man giya yake. Idan ya tsage, inji na zuƙo man giya yana ƙonawa: hayaƙi fari mai kauri da ba ya raguwa ko inji ya yi zafi, wari daban da na 2T, bakin salansa na ɗigar da baƙin mai, fulogi na mutuwa duk mako. Gwajinsa mai sauƙi ne. Tsayar da babur a miƙe, cika man giya daidai alama, yi zirga-zirgarka ta kwana uku, ka sake dubawa. In ya ragu alhali babu ɗigo a ƙasa inda yake kwana, ka kama ɓarawon.

Na hagu yana bayan magneto, wato faifan da ke juyawa yana samar da wuta, shi iska yake zuƙa. Alamarsa sulo ya riƙa hawa da kansa, in ka saki totur inji ya daɗe bai sauko ba, fulogi ya yi fari fat. Wannan ya fi hatsari, don shi ke sa inji ya buga. A wannan babur ana iya canza duka biyun daga waje ba tare da an raba inji ba, kuma gara a canza su tare. Kafin a cire magneto, kama shi da hannu ka jijjiga sama da ƙasa. In yana motsi, boris ya tafi, a nan ne sauke inji ya zama dole. A cire shi da abin jansa na musamman. Duk bakaniken da ya ɗauko guduma, karɓe babur ɗinka.

Mutuwar da yake yi in ya ɗau zafi wata matsala ce daban, kuma a daidai lokacin da ya mutu ake gane ta, ba bayan an turo shi gareji ya huce ba. Da ya tsaya, buɗe murfin tanki. In ka ji iska ta ja “fuu” kuma ya tashi nan take, ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe da ƙura. In ba haka ba, cire fulogi da tsumma, mayar da shi cikin hularsa, jingina shi da ƙarfen inji, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara ake so. In babu, ko ja ce mai rauni, sannan ta dawo bayan inji ya huce, kwayil ne ko CDI, wato na’urorin da ke ba fulogi wuta. In naka mai fayint ne (ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa su ba da wuta, a maimakon CDI), a goge shi a saita tazararsa 0.3 zuwa 0.4 na milimita. Tazarar bakin fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7.

Kafireto a wanke shi gaba ɗaya, musamman ƙaramin jet na sulo, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da fetur ke bi, wanda tsohon fetur ke toshewa. A hura shi da iska, kar a zura masa waya, ramin zai faɗaɗa. Sukurun iska a ɗaure shi a hankali har ya zauna, a warware zagaye ɗaya da rabi, daga nan a daidaita. Soson iska a wanke da kananzir, ya bushe, a shafa masa mai kaɗan a matse. Da hunturu, a hanyar gona, duk mako biyu. In yana marmashewa a hannu, sayi sabo. Man ’yan bumburutu kuma a tace shi kafin ya shiga tanki.

Maganar fistin awo ne zai raba gardama. A ɗaura ma’aunin matsi a ramin fulogi, totur a buɗe, a buga kik har allura ta daina hawa. Daga 120 zuwa sama a ma’aunin psi lafiya lau; ƙasa da 100 ne ake buɗe kan inji a duba zobba da bangon silinda. In ta kai ga saye, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ka tafi da tsohon fistin da tsofaffin sil a hannu, don injin da ya kai wannan shekaru da wuya a ce ba a taɓa yi masa bori ba, wato faɗaɗa ramin silinda, kuma lambar girman fistin tana rubuce a saman fistin in ka kankare baƙin.