Ina son haɗa karatun kasuwanci da na kiɗa, wace jami'a ta dace da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bana nake kammala sakandare. Shekara shida ke nan ina kaɗa piyano, ina kuma haɗa kiɗa a kwamfuta. Mahaifina ya ce ba zai biya kuɗin karatun kiɗa zalla ba, sai in haɗa da kasuwanci, ni ma kuma ban ƙi ba. Na ga jami'o'i da yawa a Amurka da Ingila suna tallar kwas ɗin kasuwancin kiɗa. Ta yaya zan gane wadda ta dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Mahaifinka bai yi kuskure ba, domin mawaƙan da suka tashi a tutar babu saboda sun sa hannu a takardar da ba su fahimta ba suna da yawa. Amma tun kafin mu kai ga sunayen jami'o'i, akwai abin da nake so ka fara dubawa, wanda ba kasafai ake rubuta shi da manyan baƙaƙe a takardun talla ba: a ƙarƙashin wace tsangaya aka ajiye kwas ɗin? Sunan kwas zai iya zama ɗaya a jami'o'i biyu, alhali abin da ake koyarwa ya sha bamban, don kawai ɗaya yana hannun malaman kiɗa, ɗayan kuma yana hannun malaman kasuwanci.

Ga misali. Kwalejin Berklee da ke Boston, wadda aka kafa a 1945, makarantar kiɗa ce tun asali. Tana da fannin kasuwancin kiɗa, amma sai an gwada ka a kan abin kiɗanka kafin a ɗauke ka, kuma bayan ka shiga dole ka yi darussan da kowane ɗalibinta yake yi: ka'idojin haɗa sauti, horar da kunne, kiɗa tare da 'yan aji. Jami'ar Belmont da ke Nashville kuwa, digirin da take bayarwa a wannan fanni na gudanar da kasuwanci ne. A can za ka yini da lissafin kuɗi da tattalin arziki da dokokin haƙƙin mallaka, piyanonka kuma sai lokacin da ka ware masa da kanka. Jami'ar New York ta tsaya a tsakani, digirin na kiɗa ne a makarantarta ta Steinhardt, amma ɗalibai suna ɗaukar darussa a makarantar kasuwanci ta Stern. Duka ukun masu suna ne, sai dai wanda ya fito daga ta farko makaɗi ne da ya san harka, wanda ya fito daga ta biyu ɗan kasuwa ne da ya san masana'antar kiɗa.

A tsarin Amurka, digirin kiɗa na ƙwararru yakan cinye kusan kashi biyu cikin uku na darussan shekara huɗu. Ka ga ke nan abin da ya rage wa kasuwanci kaɗan ne. Don haka ka shiga shafin kowace jami'a, ka nemo jerin darussan kwas ɗin zango bayan zango, ka ƙirga da hannunka: nawa ne na kiɗa, nawa ne na kasuwanci, kuma na kasuwancin su waye ke koyar da su. Idan ba ka ga lissafin kuɗi ba, ba ka ga dokar kwangila ba, ba ka ga haƙƙin mallaka a matsayin darasi mai zaman kansa ba, to wannan kwas kwalliya ce kawai.

Bari in ɗan tsaya a kan haƙƙin mallaka, don shi ne ƙashin bayan harkar, kuma da shi za ka auna ingancin kowane kwas. Duk waƙar da ka ji tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai na wanda ya rubuta baitoci ya tsara karin, akwai kuma na sautin da aka ɗauka a sutudiyo, wanda galibi kamfanin da ya biya kuɗin ɗaukar ne ke riƙe da shi. Kuɗin kowanne hanyarsa daban. Na marubuta, ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI a Amurka ko PRS a Birtaniya ne ke karɓo musu idan an sa waƙar a rediyo ko a bainar jama'a. Na sautin kuwa, kaso mafi tsoka a duniya yana hannun kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner. Rikicin da mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta shiga a 2019 a kan wannan bambanci ya taso: ita ta rubuta waƙoƙinta, amma da aka sayar da kamfanin da ya fitar da kundayenta shida na farko, asalin sautukan sun tafi tare da shi, har ta koma tana sake ɗaukar su daga farko. Ɗalibin da ya kammala kwas bai iya bayyana yadda hakan ta faru ba, an ci kuɗinsa a banza.

Akwai hanya ta biyu, wato ka yi digiri biyu a lokaci guda, ɗaya a kiɗa ɗaya a kasuwanci. Jami'ar Michigan tana ba da wannan dama, amma sai kowace makaranta cikin biyun ta amince da kai, kuma yawanci shekara biyar ake yi maimakon huɗu. Ba na hana kowa, sai dai taura biyu ba ta taunuwa da sauƙi. Makarantar kiɗa tana son ka yi sa'o'i a ɗakin atisaye kullum, ta kasuwanci kuma aikin rukuni ne ba iyaka, jadawalinsu sau da yawa karo yake yi. Jami'ar Indiana tana da wani tsari mai sauƙi a makarantarta ta Jacobs, inda ake yin digirin kiɗa tare da wani fanni na waje a cikin digiri guda.

Hanya ta uku ita ce wadda nake yawan nuna wa masu irin bayaninka, ko da yake ba ta da armashi a kunne: ka yi cikakken digirin kasuwanci, ka ɗauki kiɗa a matsayin ƙaramin fanni, a jami'ar da ke garin da harkar kiɗa ke gudana. Dalilina shi ne, ka ce kana haɗa kiɗa a kwamfuta. Furodusa ba a tambayarsa takardar shaida, abin da ya haɗa ake saurara. Amma digirin kasuwanci daga makarantar da AACSB, ƙungiyar da ke duba ingancin makarantun kasuwanci, ta tantance yana buɗe ƙofa a kamfanin kiɗa, yana kuma buɗewa a banki idan wancan bai samu ba. Digirin da aka rubuta kasuwancin kiɗa a kansa, wani lokaci sai ka yi dogon bayani kafin mai ɗaukar aiki a wata masana'anta ya gane abin da ka karanta. Idan kuwa piyano ne ranka, kana jin ba za ka iya yini ba ka taɓa shi ba, kuma burinka ka hau dandamali, to ka manta da wannan shawara, ka nemi malamin piyano mafi ƙwarewa da za ka iya samu, ka bi shi duk makarantar da yake.

Na ambaci gari, kuma da gangan na yi. Aikin farko a wannan harka sau da yawa daga zaman sanin makamar aiki yake fitowa, shi kuma sai inda kamfanonin suke: New York, Los Angeles, Nashville, Landan. Belmont tana bakin unguwar Music Row, inda ofisoshin kamfanoni da sutudiyoyi suka taru, ɗalibi zai iya fita daga aji ya taka da ƙafa. Jami'ar Drexel a Philadelphia ta sa aiki a kamfani cikin tsarin karatun kansa. A Ingila digiri shekara uku ne, kuma akwai LIPA, cibiyar koyar da kiɗa da wasan dandamali a Liverpool, wadda mawaƙin Birtaniya Paul McCartney yana cikin waɗanda suka kafa ta, aka buɗe a 1996.

Sai batun kuɗi, wanda na san shi ne ya fi damun mahaifinka. Jami'o'i masu zaman kansu na Amurka suna cikin mafi tsada a duniya, ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje da bizar karatu kuma ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, bizar karatu ma sa'a 20 kacal ta yarda ya yi aiki a mako a cikin harabar jami'a lokacin da ake karatu. Albashin masu fara aiki a kamfanonin kiɗa ƙarami ne. Ban ga hikimar cin bashi mai nauyi don wannan digiri ba, komai girman sunan makarantar. Kada ku kwatanta kuɗin da aka rubuta a shafi, ku kwatanta abin da ya rage bayan an cire tallafin da suka yi maka alkawari a rubuce, ku kuma tambaya ko tallafin na duk shekarun ne ko na shekarar farko kaɗai. A makarantun kiɗa, yawan tallafin sau da yawa ya danganta da yadda ka yi a gwajin shiga, saboda haka watannin da za ka ɓata kana shirya wa gwajin nan kuɗi ne kake tarawa.

Idan ka rage jerinka zuwa uku ko huɗu, ka rubuta wa shugaban sashen kowacce, ba ofishin ɗaukar ɗalibai ba. Ka tambaye shi inda ɗaliban da suka kammala shekara biyu da suka wuce suke aiki yanzu, da kuma ko wanda ba a tsangayar kiɗa yake ba yana da izinin shiga sutudiyo da ɗakunan atisaye. Wannan ta biyun mutane da yawa sai sun biya kuɗi sun shiga suke gano cewa amsarta a'a ce. Ka kuma roƙe shi ya haɗa ka da ɗalibi ɗaya da ke shekarar ƙarshe, ka kira shi ku yi magana, mahaifinka yana zaune yana ji.