Tambaya da Amsa: Shin na'urar faifan CD mai araha tana ɓata sauti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da tarin faifan CD na karatun Alƙur'ani da tafsiri, amma na'urar da yake saurare da ita ta mutu. Na zagaya shagunan Taminus na ga masu araha, sai dai ina fargabar kada sautinsu ya zama maras daɗi. Me ya kamata in duba kafin in saya? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kula da Baba, ya kuma ƙara masa lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, domin arahar na'ura ba ta rage abin da ke cikin faifai. Tun 1982, lokacin da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD, ƙa'idarsa ba ta canja ba: ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a ajiye shi a matsayin lambobi, sannan hasken leza ya bi ya karanto su. Muddin idon na'urar, wato sashen da ke karanta faifai da hasken leza, lafiyarsa ƙalau, lambobin da mai araha za ta karanto su ne dai waɗanda mai tsada za ta karanto. Inda masu ƙera ta suke tsuke hannu shi ne a lasifika da sashen ƙara ƙarfin murya, shi ya sa za ki ji muryar mai karatu ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani, kuma da zarar an ƙara murya sai robar jikinta ta fara karkarwa. Ga mai sauraren karatu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana so ya bambance sinun da sadun, ya ji madda ta cika har ƙarshenta.

Saboda haka kada ki saya sai kin gwada, kuma da faifan Baba, ba da na mai shago ba. Ki tafi da guda uku: na kamfani, da wanda aka ɗaura masa karatu a kwamfuta, da wani mai ɗan ƙarzuwa. Faifan da aka ɗaura a kwamfuta ba ya mayar da haske sosai kamar na kamfani, don haka shi ne yake fara tona asirin idon da ya raunana, musamman a na'urar da aka riga aka yi amfani da ita. Idan kika ji tana ta juyi tana ƙyas-ƙyas kafin ta gane faifan, ki ajiye ta. Ki kuma tsallaka zuwa sura ta ƙarshe, domin CD daga tsakiya ake fara karanta shi zuwa baki, kuma a bakin ne shatin yatsu da lanƙwasa suka fi yawa. Sannan ki kasa kunne a ɗan shirun da ke tsakanin aya da aya. Idan akwai huci ko gunji a wurin, to a ɗakin Baba bayan sallar asuba zai fi haka fitowa fili.

A cikin abubuwan da ake jerowa a jikin kwali, uku ne nake ganin sun cancanci kuɗinki. Ki tabbata tana karanta MP3, domin da yawa daga faifan tafsiri a wannan tsari suke, inda faifai ɗaya kan ɗauki sama da awa 10 a maimakon minti 80. Ta kuma iya tuna inda aka tsaya, don kada dattijo ya riƙa komawa farkon darasi duk lokacin da aka kashe ta. Na ukun, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne ramin haɗa ta da wata lasifika, domin na'ura mai araha da aka jona wa lasifika mai jikin katako takan ba da sautin da zai ba ki mamaki. Fitilu masu walƙiya da manyan lambobin wat da ake bugawa a kwali kuwa, kada su ɗauke miki hankali.

Ƙurar hunturun Jos babbar abokiyar gabar idon na'ura ce, don haka ki sama mata ƙyalle mai tsabta a riƙa rufe ta. Idan ta kwana a sanyi aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi ta ƙi karatu, sau da yawa raɓa ce ta kwanta a idon. A bar ta kamar awa ɗaya kafin a nufi mai gyara. Shi kuma faifan, a riƙa goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.